Tsakin roba a sabulun wanka, alhali soso da dilka suna gida

 Sharhinmu na yau zai leƙa banɗaki ne, kuma zai tsaya a kan wani abu da ƙanƙantarsa ta sa ido bai cika damuwa da shi ba. Duk wanda ya taɓa matso irin sabulun ruwan nan na wanke fuska, wanda masu shagunan kayan kwalliya ke kira sikirob, ya san akwai ɗan tsaki-tsaki a cikinsa, wani shuɗi, wani fari, wani ruwan hoda, da ke ɗan kartar fata in ana cuɗawa. Mutane da yawa sun ɗauka gishiri ne ko sukari ko wani magani. A cikin kayayyaki masu yawa da aka shekara ana sayarwa a duniya, tsakin nan roba ce tsantsa, irin wadda ake yin leda da jarka da ita, an mayar da ita kamar rairayi, yawanci ba ta kai milimita ɗaya ba. Aikinta a jiki bai wuce minti ɗaya ko biyu ba: ta goge matacciyar fata, a ɗauraye, ta bi rariya. Daga nan kuma ba ta narkewa, ba ta ruɓewa, ba ƙasar da za ta cinye ta a zamanin wanda ya yi wankan ko na jikokinsa. Abin da nake son in kafa hujja a kansa shi ne, wannan ɓarna ce da ba mu da wani dalilin ci gaba da ita, domin abin da zai maye gurbin robar yana ɗakin kakanninmu tun kafin a san roba. Amma komawa gare shi yana da sharaɗi, kuma sharaɗin ne mutane ba su cika son ji ba.

Mu fara da yadda asirin ya tonu. A shekarar 2012 wasu masu bincike, ciki har da Marcus Eriksen da Sherri Mason, suka ja raga mai ƙananan idanu a saman ruwan manyan tabkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada. Sakamakon da suka fitar a 2013 ya nuna matsakaicin ɓarɓashin roba 43,000 a kowane murabba'in kilomita, kuma a wani wuri a tabkin Erie, ƙasa da manyan birane, adadin ya kai 466,000. Da yawa daga cikin abin da suka tsamo mulmulallu ne masu launi, kamarsu ɗaya da tsakin da ke cikin sabulun wanke fuska. Bayan shekara biyu, masana a jami'ar Plymouth ta Ingila, ƙarƙashin Richard Thompson, suka ɗauko irin waɗannan sabulai daga kanti suka tace su suka ƙirga. Sun gano cewa wanke fuska sau ɗaya kacal na iya sakin ƙwayoyin roba daga 4,594 har zuwa 94,500. Mai sauraro ya ninka wannan da yawan gidajen unguwarsu, ya ninka da kwanakin shekara. Damuwa irin wannan ce ta sa jihar Illinois ta haramta su a 2014, shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar tarayya a watan Disamban 2015, aka daina ƙera su a Amurka daga Yulin 2017. Birtaniya da Kanada da New Zealand suka bi sahu a 2018. Sin ta hana ƙera su daga ƙarshen 2020, ta hana sayarwa daga ƙarshen 2022. Tarayyar Turai ta rufe ƙofa a ranar 17 ga Oktoba, 2023. Ƙasashen da ba su cika haɗuwa a kan komai ba sun haɗu a kan wannan.

To ina ruwan Bahaushe da tabkin Erie? Ruwansa ya ma fi na Ba'amurke. Ƙasashen da suka yi waɗannan dokoki suna da matatun ruwan datti, inda ruwan banɗakin yawancin gidaje ke bi ta bututu a tace shi kafin a sake shi kogi. Irin waɗannan matatu na kama mafi yawan ɓarɓashin robar, amma duk da haka suka ga ɗan abin da ke kuɓucewa ya isa a yi masa doka, balle ma laka da ake kwashewa daga matatar sau da yawa gonaki ake kai ta a matsayin taki. Mu kuwa, in ka cire wurare kaɗan irin matatar Wupa ta Abuja, ruwan wanka daga rariya sai kwata, daga kwata sai lambatu, daga lambatu sai kududdufi ko rafi. Babu mai tace komai a hanya. A Kano, ruwan Jakara yana kwasar dauɗar cikin gari da Fagge da Sabon Gari, ya haɗu da Getsi, ya zarce madatsar Wasai a Minjibir. A bakin wannan ruwa ake noman latas da alayyahu da kabeji da ke dawowa kasuwannin birni, a cikinsa kuma masunta ke kama tarwaɗa da karfasa. A Yamai, kwarin Gunti Yena yana ɗaukar ruwan unguwanni ya juye shi kai tsaye a kogin Kwara, kogin da wani bincike na masana a Jamus ya sa shi a 2017 cikin koguna goma da suka fi kai roba teku. Abin da aka wanke daga fuska a Kano ko Yamai ba sai ya je teku ba kafin ya dawo wa mai shi. Tafiyarsa gajeriya ce, daga banɗaki zuwa lambu, daga lambu zuwa faranti.

Wajibi ne a faɗi illar gwargwadonta, kada a zuzuta. Kifi da sauran ƙananan halittun ruwa suna haɗiye tsakin nan saboda yana kama da ƙwan kifi ko ƙananan abincinsu. Roba kuma tana da halin jawo wasu sinadarai masu guba da ke yawo a ruwa su manne mata. A 2016 masu bincike a jami'ar RMIT da ke Melbourne ta Ostareliya sun ciyar da kifi irin tsakin da aka ciro daga sabulun wanke fuska bayan ya sha gurɓataccen sinadari, suka tarar da sinadarin ya ratsa cikin naman kifin. A ɓangaren ɗan Adam, wani bincike a Amsterdam a 2022 ya sami ɓarɓashin roba a jinin mutum 17 cikin 22 da aka gwada. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2019 kan ruwan sha, ta ce hujjojin da ke hannu a lokacin ba su nuna babban haɗari ba, ta kuma nemi a zurfafa bincike tare da rage gurɓata muhalli da roba. Saboda haka duk wanda ya ce maka sikirob ɗin roba ne ke haddasa wata cuta takamaimai ya wuce gona da iri. Sai dai mai hankali ba ya jiran a tabbatar masa ranar da abu zai cutar da shi kafin ya daina zuba shi a rijiyar da yake sha, musamman in abin ba ya fitowa bayan ya shiga.

Na san akwai mai saurarona da ke cewa, a garin da ledar fiya wata ta toshe kowane kwalbati, a garin da awaki ke mutuwa da leda cunkushe a tumbi, wa ke ta tsakin sabulu? Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, alƙaluma ma suna bayansa. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ƙiyasta a 2017 cewa daga cikin ɓarɓashin robar da ke shiga teku tun yana ɓarɓashi, kayan wanka da kwalliya kashi 2 ne kawai cikin ɗari, alhali zaren tufafin roba da ke zuba wajen wanki kashi 35 ne, cinyewar tayoyin mota kuma kashi 28. Na yarda ƙarami ne. Amma a duba bambancin. Ba za a hana mota taya ba, ba za a ce talaka ya daina sa yadin roba mai araha gobe ba, ledar ruwa kuma tana kashe ƙishirwar miliyoyin mutanen da famfonsu ya kafe. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da wata bukata ta gaske da ke riƙe da shi, shi ya sa magance shi zai ci shekaru da kuɗi. Tsakin roba a sabulu ba shi da irin wannan uzuri. Kamfani ne ya zuba shi da gangan saboda yana da arha, ba ya lalacewa a kanti, kuma ana iya rina shi ya yi kyau a ido. Leda in ta faɗi ana iya tsince ta, 'yan bola jari ma suna samun na abinci da robar da ake gani. Wannan kuwa da zarar ya bi ruwa ba tsintsiya ba raga da za ta tattaro shi. Datti ne da hanyar maganinsa guda ɗaya ce, kada a zuba shi tun farko, kuma daina shi ba ya raba kowa da komai.

Na ce ba ya raba kowa da komai domin gyaran fata ba baƙo ba ne a wurinmu. Soso, wannan da ke yaɗo a danga da katanga, in ya bushe aka ɓare shi, zare ne na tsiro da ke goge dauɗa da matacciyar fata, in ya tsufa a jefa shi juji ya zama taki. Sabulun salo, wanda Yarabawa ke kira ose dudu, mutanen Gana kuma alata samina, ana yin sa ne da ruwan tokar ɓawon koko ko na ayabar agada, a dafa da man alayyadi ko man kaɗanya, kuma ɗan gautsin tokar da ke cikinsa shi ke ba shi kaifin gogewa. Dilka kuwa, wadda sunanta ya fito daga kalmar Larabci ta cuɗawa da murzawa, ta yi ƙarfi a Sudan, ta biyo ta Chadi da Barno, yau babu amaryar da za a kai ɗaki a Maiduguri ko Kano ko Damagaram ba a yi maganarta ba. Garin hatsi ne da mai da kayan ƙamshi, a nan kuma ana ƙara kurkum, a shafa a bari ya sha iska, a murza ya zubo tare da dauɗa. Sukarin da ake haɗa halawa da shi, in aka kwaɓa shi da zuma ko mai, yana gogewa sannan ya narke a ruwa, ba ya barin komai. Haka dusa mai laushi, haka garin shinkafa. Abin lura shi ne, da doka ta matsa wa manyan kamfanonin duniya, irin wannan hanya suka koma: sukari, gishiri, garin hatsi, niƙaƙƙen ƙwallon 'ya'yan itace, kakin tsiron jojoba, da sinadarin rairayi mai laushi. Kamfanin Unilever ma tun Disamban 2012 ya sanar zai janye tsakin roba daga kayansa kafin 2015. Wato abin da aka sayar mana a matsayin ci gaba, masu shi sun ajiye shi sun ɗauko ɗan'uwan abin da ke kasuwar Kurmi da ta Rimi a Kano.

A nan ne ƙorafi na biyu ke shigowa, kuma shi ya fi cancantar a tsaya masa, domin daga likitocin fata yake fitowa. Suna cewa tsakin roba mulmulalle ne, santsinsa ɗaya girmansa ɗaya, ba ya yankar fata, amma niƙaƙƙen ɓawo ko ƙwallo ko gishiri mai tsakuwa yana da kaifi, yana iya karce fuska. Gaskiya ne. A Amurka ma an kai wani kamfani ƙara a 2016 kan sikirob mai niƙaƙƙen ɓawon gyaɗar Turai, ko da yake kotu ta kori ƙarar a 2018. Kuma wannan magana ta fi shafar mu masu baƙar fata, saboda fatarmu in ta ji rauni ko ta kumbura, sau da yawa tabo mai duhu take bari, wanda kan ɗauki watanni kafin ya dushe. Yarinyar da ta dirji ƙurajen fuskarta da soso mai kaushi don su tafi, ƙarshenta ta sami tabon da ya fi ƙurajen daɗewa. Akwai kuma batun sabulun kansa. Fatar mutum tana da ɗan tsami na halitta, a ma'aunin masana kusan 5, wanda ke taimaka mata riƙe danshi da korar ƙwayoyin cuta. Sabulun da aka yi da toka ko soda yana kaiwa 9 zuwa 10, kuma in mai haɗawa ta yi wa ruwan toka yawa, sai sabulun ya riƙa zafi yana busar da fata, abin da ya fi tsanani a hunturu lokacin da jiki ke yin furu-furu da kansa. Duk wannan ban musa ba. Amma me ya nuna? Ya nuna a niƙa da laushi, a tankaɗe, a auna toka, a sassauta hannu. Bai nuna a koma roba ba. Sukari mai laushi da garin shinkafa da dusar da aka tankaɗe ba su da kaifin da ake tsoro, kuma fata ma ba ta bukatar dirza kullum, tunda da kanta take saɓa tana sabuntawa cikin kusan wata guda. Sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar wa mafi yawan mutane. Abin da ya dace da kaushin dunduniya bai dace da kumatu ba. Mai ƙuraje masu ruwa, ko ƙyasbi, ko wani ciwon fata, ya bar gogewa gaba ɗaya ya ga likita. Shi kansa soso a riƙa shanya shi ya bushe, a canja shi in ya fara wari, kuma kowa da nasa.

Akwai wani haɗari da ya fi karce girma, kuma ba zan ɓoye shi ba don ina yabon kayan gida. Kalmar "na gargajiya" da 'yar'uwarta "oganik" sun zama rigar da wasu masu haɗa kayan shafe-shafe ke lulluɓe bilicin da ita. Za a ɗauko sabulun salo na ƙwarai, a zuba masa man da ke ɗauke da sinadarin haidurokwinon ko magungunan sitiroyid, a sa masa suna sabulun amarya ko na hasken fata, a tallata a Instagram da TikTok, babu jerin abin da ke ciki, babu lambar rajista. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da kayan sauya launin fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Fatar da sitiroyid ya sirantar, in aka haɗa mata da dirza, ita ce ke tsagewa, ta yi jijiyoyi kore-kore, rauni ya ƙi warkewa. Wadda ta guje wa tsakin roba ta faɗa wannan, ta yi gudun gara ta faɗa gidan zago. Dilka ta gaskiya tana fito da launin da Allah ya ba mutum ne ya yi sheƙi. Duk haɗin da aka yi alkawarin zai mayar da baƙa fara cikin mako biyu, akwai abin da aka zuba masa wanda ba a faɗa ba.

Wani zai ce, tunda ƙasashen da ke ƙera kayan sun haramta, ai magana ta ƙare, me ya rage? Dokar kowace ƙasa a kan iyakarta take tsayawa, kasuwanninmu kuma kaya na shigo musu daga ko'ina, har da waɗanda ake sayowa a manyan robobi a ɗura a ƙananan kwalabe ba tare da takarda ba. Sannan yawancin dokokin farko sun taɓa abin da ake ɗaurayewa ne kaɗai. Kayan da ake bari a jiki, irin su hoda da jan baki da man farce, Turai ma ta ba su wa'adi, wasu zuwa 2029, wasu har 2035. Ƙyalƙyalin nan da ake barbaɗa wa amare a fatar ido, mafi yawansa yankakkiyar roba ce. Hatta soson raga da ya kori soson danga daga banɗakunan birni, zaren roba ne, kuma yana cinyewa da amfani. Don haka mai saye shi ne mai gadin ƙofa na ƙarshe. Ya juya kwalba ya duba jerin abin da aka haɗa. In ya ga Polyethylene ko Polypropylene ko Nylon a sabulu mai tsaki, roba ce. In babu rubutu, akwai gwaji mai sauƙi: a matsa kaɗan a kofi, a zuba tafasasshen ruwa, a motsa, a tace da farin ƙyalle. Sukari da gishiri za su ɓace, kakin tsiro zai narke, garin hatsi zai jiƙe ya yi laushi, amma tsakin roba, wanda yawancinsa ke tasowa saman ruwa, zai zauna a ƙyallen da launinsa da taurinsa kamar ba a taɓa shi ba.

Batun yana da fuskar tattalin arziki da bai kamata a tsallake ba. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da ƙwarar kaɗanya, mata ne kuma ke tsinto ta a dazukan Neja da Kwara da Kebbi, amma ribar sarrafa ta a waje ake cin mafi yawanta. Kowane curin sabulun salo mai kyau da aka saya a gida kuɗi ne da ya tsaya a hannun mai tsintar kaɗanya da mai dafa sabulu. Abin da ke hana kayanmu shiga manyan kantuna shi ne rashin daidaito: na yau ya yi laushi, na gobe ya yi zafi, wani da tsakuwa a ciki. Wannan gyara ne na awo da tsabta da rubuta gaskiya a jikin kaya, kuma bai fi ƙarfin ƙungiyoyin mata da sassan kimiyyar haɗa sinadarai na jami'o'inmu ba.

Kirana ga NAFDAC, wadda rajistar kayan kwalliya ke hannunta, da takwarorinta na Nijar da Gana da Kamaru, shi ne kada a ba wa duk wani sabulu ko man goge baki mai tsakin roba lamba, kuma a bi kasuwa a kwashe wanda ya shigo ta bayan gida. Ku kuma iyayenmu da 'yan'uwanmu mata masu gyaran jiki, amarya amana ce a hannunku: ku tankaɗe garinku da kyau, ku sassauta murza, ku gaya mata abin da kuka zuba a kwano. Mai sauraro, kafin wankan gobe, ɗauko kwalbar nan da ke banɗaki ka juya bayanta ka karanta.